Shekarar da Ƙanwata ta Karɓi Girkin Makaranta

Mu biyu ne mata a ɗakin Inna, ni ce babba, sai maza uku, sannan Auta. Tun muna ƙanana a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi aka yi mana rabo ba tare da wani ya furta ba: ita karatu, ni girki. Ba hana ni makaranta aka yi ba, na gama sakandare kamar kowa, sai dai raina bai taɓa son biro ba, hannuna kuma ya kama muciya da wuri. Idan baƙi sun zo Inna takan tura musu kwano ta ce, "Ku ci, babbar ce ta yi." Idan sakamakon jarrabawa ya fito sai ta ɗaga takardar ta ce, "Auta ce fa." Kowa da inda ake yabonsa, ni kuma nawa ya ishe ni.

Da Auta ta tafi kwaleji ta ce ilimin abinci mai gina jiki za ta karanta, dariya na yi har da riƙe ciki. Yarinyar da in ta tuƙa tuwo sai an tsince gudaji, ita ce za ta koya wa mutane cin abinci? Ta gama, ta dawo da takardarta, aka sa a ƙasan akwatin Inna. Aiki bai samu ba, ta zauna gida tana koya wa 'ya'yan maƙwabta karatu da yamma. Ni a lokacin na yi aure, layi biyu ne tsakanin gidana da na Inna. Maigidana yana da shagon kayan masarufi a bakin titi, ni kuma an fara sanina a girkin biki da suna. Daga Ƙauyen Alu har Unguwar Gano, in ana son waina da miyar taushe da za a yi ta zancenta bayan an watse, ni ake aiko wa.

Sai Allah ya ba ni 'ya bayan na daɗe ina jira, kuma ya ba ni wadda ba ta cin abinci.

Tun da aka yaye ta take yaƙi da cokali. Loma ɗaya za ta ajiye a kunci ta yi ta yawo da ita, har sai ta sami bayan ƙofa ta tofar. Na yi mata shinkafa da miyar kaza, na yi taliya, na soya dankali, na dama kunun gyaɗa da madara har da zuma. Na yi lallashi, na yi waƙa, na yi tsawa. Ranar da abin ya ishe ni nakan danne ta a cinya in yi mata ɗura, tana kuka ina kuka. Wuyanta siriri, gashinta ja-ja, duk rigar da aka ɗinka mata sai ta yi mata yawa. Mata a gidan biki su ci abincina su lashe hannu, sannan su dubi yarinyar da ke maƙale da zanena su ce, "Ikon Allah, 'yar mai girkin ce wannan?" Da su faɗa min haka gara su mare ni.

Da ta cika shekara uku na sa ta a ajin rainon yara na wata firamaren gwamnati a Tarauni, saboda yawancin aikina na safe ne. Aji biyu ne a ƙarshen gini, da tabarmi da 'yan kujeru. Yawancin yaran 'ya'yan masu adaidaita sahu ne da leburori da matan da ke fita aikatau. Gwamnati na ciyar da makarantar, amma ciyarwar da muka tarar abin takaici ce. Wata 'yar kwangila ce ke dafawa a can wani wuri da ba mu sani ba, a lodo kuloli a adaidaita a kawo. Sau da yawa sai ana shirin tashi abincin zai iso, lokacin ƙananan sun yi kukan yunwa sun gaji sun yi barci. Abin da za a zuba wa ɗan aji shida shi za a zuba wa ɗan shekara uku, shinkafar ba ta gama nuna ba, ga yaji kamar abincin tasha, wani lokaci waken ya fara tsami. Awakin bayan katanga su suka fi kowa cin moriyar shirin.

A taron iyaye ni na fi kowa ɗaga murya. Na ce wa shugabar makarantar, "Hajiya, abincin nan ko ni babba in na ci sai na nemi ruwa. Ta yaya za a ba yaron da bai daɗe da barin nono ba?" Mata suka ɗauka, kowa na faɗin nata. Ashe ba mu kaɗai ke ƙorafi ba, makarantu da yawa sun kai kuka. Bayan an dawo daga wani hutu sai ga sabon tsari, shugabar ta tara mu ta yi bayani. Za a raba abincin ƙanana da na manya. A cikin makaranta za a dafa, da safe, a ba su kafin rana ta yi zafi. Matan unguwa za a ɗauka, amma sai an gwada lafiyarsu a asibiti. Za a kafa kwamitin iyaye masu ɗanɗana abinci, nas kuma za ta riƙa zuwa tana auna yaran. Sannan wadda za ta shugabanci madafar dole ta kasance ta karanci harkar abinci.

Daga makarantar ban biya gida ba, gidan Inna na wuce.

"Auta, fito da takardar nan taki daga akwati, ranarta ta zo."

Ni na raka ta ofishin da ake ɗaukar mutane, ni ma na ba da sunana, tare muka je asibiti aka gwada mu. A raina na gama tsara komai: ita ta riƙe biro tana rubuce-rubucenta, ni in riƙe ludayi. Yaran Tarauni za su san sun ci abinci.

Aka ɗauke ta. Ni ba a ɗauke ni ba.

Ita da kanta ta zo ta faɗa min, tana murza bakin mayafinta. "Yaya, sun ce shugabar madafa ba za ta yi aiki da 'yar'uwarta ta jini ba. Kuma wai sun fi son matan da ba su da wata sana'a. Wallahi na yi magana."

"Wa ya ce miki ina so? Dama don in ƙarfafa miki gwiwa na je. Ni ina da lokacin girkin yara?"

Ta gyara mayafinta ta tafi.

Mata biyu aka haɗa ta da su, wata bazawara da ba ta daɗe da zuwa daga ƙauye ba, da wata 'yar Kudu, Kirista, matar wani makanike, wadda tagwayenta ke ajin 'yata. Aka kafa musu rumfar kwano a bayan ajujuwan, da murhun gawayi da manyan tukwane. Na ce a raina, to, za mu gani.

Ba a jima ba na gani. Wata rana na je ɗauko yarinyar, na tarar da maiƙon manja a haɓarta, rigarta ta makaranta duk ɗigon abinci. Na ɗauka wani yaro ne ya shafa mata. Malamar ajin ta ce, "Ita ta ci. Har ƙari ta nema."

"Wannan ɗin?"

"Ita fa. Ai kwana biyun nan ba ta rage komai."

Na yi murna, Allah ya sani na yi. Na goya ta muka taho ina hamdala a hanya. Amma da muka iso gida na zuba mata shinkafa da miya, ta ture kwanon da bayan hannu ta ce, "Ni faten Anti nake so." Anti, wato Auta. Murnar nan sai na ji ta koma wani abu daban a ƙirjina.

Washegari na tambayi malamar abin da aka dafa. Faten wake ne da dankalin Hausa, da alayyafo, da ɗan busasshen kifi da aka daka. Abin da ni ko a ranar da babu cefane ba zan kira shi girki ba. Na shiga kasuwa na sayo komai, na ƙara da nama da tattasai da kayan ƙamshi, na yi faten da sai da maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya. Na zuba wa yarinyar a sabon kwano, na zauna gabanta ina kallo. Ta sa yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Ba shi ba ne."

Maigidana ne ya cinye tukunyar. Yana ci yana cewa, "Ki tambayi ƙanwarki mana yadda take yi." Ni da nake girkin ɗaruruwan mutane, in je in tsuguna gaban Auta ta koya min fate?

Daga nan gidana ya cika da Anti. Anti ta ce a wanke hannu da sabulu. Anti ta ce ganye yana sa ƙarfi. Yau Anti ta ba mu ƙwai. Yau kunun Anti da awara. Na fara cika mata fulas da abinci mai kyau ina sa mata a jaka, a dawo min da shi ko murfin ba a buɗe ba. Yarinyar da a da in ta ga ƙanwata sai ta ɓuya a bayana, yanzu da mun shiga gidan Inna za ta saki hannuna ta ruga ta faɗa jikinta.

Kumatu suka fara fito mata. Gashin ya fara duhu. Duk wanda ya gan ta sai ya yi magana, kuma duk maganar wuri ɗaya take komawa. Ranar da ta fi tsaya min ita ce wata Juma'a da ƙannen babanmu mata suka zo gaida Inna. Na kawo dambun shinkafa daga gidana, na tashi tun asuba na yi shi. Suna ci Inna ta jawo 'yata ta tsayar a gabansu.

"Kun gane ta kuwa? Wannan da kuke cewa iska za ta ɗauke ta. Auta ce ta gyara ta. Karatun nan ashe ba a banza aka yi ba."

Suka yi ta sa wa Auta albarka da dambuna a bakinsu. Babu wadda ta tambayi wa ya dafa, Inna ma ba ta faɗa ba. Na tashi na ce na bar wanki a gida.

Saboda surutun da na yi a taron iyaye, an sa ni a kwamitin masu ɗanɗana abinci. Ranar da layi ya zo kaina na ci kwalliya na tafi da wuri. Na tarar da Auta cikin farar riga da hular girki, tana auna gyaɗa da gwangwani, 'yar Kudun tana yanka kabewa, bazawarar tana fifita wuta. Suna hira suna dariya kamar 'yan gida ɗaya. Na duba tukwane, na duba randar ruwa, na duba faratansu, ina neman abin da zan kama. Ban samu ba. Aka zubo min shinkafa da wake mai laushi da miyar kabewa a ɗan kwano. Na kai baki.

"Gishiri bai ji ba," na ce. "Ba magi, ba yaji. Wannan ai abincin marasa lafiya ne."

"Haka tsarin yake, Yaya. Harshensu ba irin namu ba ne. Da daddawa da kifi muke ɗaga shi."

"To, ku dai kuka sani."

Sai aka kaɗa ƙararrawa. Yaran suka yi layi aka zuba musu ruwa a hannu, suka zauna a tabarma sun yi da'ira. Kowa aka ba shi ɗan kaɗan, abin da ni zan ce loma huɗu ce. Na tsaya ta taga ina leƙe. 'Yata tana tsakanin tagwayen 'yar Kudun, suna rige-rigen wa zai fara gamawa. Ta cika hannu ta kai baki, miya na bin gwiwar hannunta, ta ɗaga kwanon sama tana ihu, "Anti, na cinye!" Auta ta zo ta shafa kanta ta ƙara mata. Idonmu ya haɗu da yarinyar ta taga. Ta ɗaga min hannu sau ɗaya ta koma kan kwanonta. Ban taɓa ganin ta tana cin abinci tana dariya ba sai ranar, kuma ba a gabana take yi ba, a gaban wata.

Ranar awo ma haka. Nas ta ɗora ta a sikeli ta ce ta yi kyau, ta hau sosai. Iyaye mata sun cika barandar, zancen Anti kawai ake yi. Wata mata da ban sani ba ta taɓo ni ta ce, "Kin san ta kuwa? An ce 'yar Gyaɗi-Gyaɗi ce. Wallahi yarinyar nan hannunta da albarka, daga gani gidansu an iya girki."

Na ce, "Haka ake faɗa."

Na rage zuwa gidan Inna. In na je sai lokacin da na san Auta tana makaranta. Ita ta gane. Wata Asabar da la'asar ta yi sallama a gidana, ta tarar na danne yarinyar ina ba ta tuwo tana zillewa. Ta zauna a bakin tabarma har na gaji na saki yarinyar. Sai ta rarrafa ta haye cinyar Auta.

"Yaya, in faɗi wata magana ba za ki ji haushi ba?"

"Faɗi."

"Ki daina zuba mata da yawa. In ta ga kwano a cike tsoro take ji. Kuma ki daina zama kina kallon bakinta. Ki zuba ku ci tare, in ta ƙi ki ɗauke, kar ki yi mata ɗura. Ba abincinki ne ba ta so ba."

Maganar gaskiya ce, na san gaskiya ce tun kafin ta rufe baki. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke da ko 'yar tsana ba ki taɓa goyawa ba, ke za ki koya min raino? Na goya ki a bayan nan, kin manta?"

"Ban manta ba."

"To ki tsaya a makarantarki. Nan gidana ne."

Ta sauke yarinyar a hankali, ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Yaya." Yarinyar ta bi ta da kuka har zaure, sai da na je na ɗauko ta. Da daddare na zuba mata loma uku a gefen kwanona na kau da kai kamar ban damu ba. Ta ci biyu. Ban faɗa wa kowa ba.

Mun yi wajen wata guda ba mu yi wata doguwar magana ba, sai gaisuwa. Sannan zazzaɓin taifot ya kwantar da Auta. A makon kuma bazawarar ta tafi ƙauye gaisuwar mutuwa, aka bar 'yar Kudun ita kaɗai da tukwane. Na je duba Auta na same ta ta rame, leɓenta ya bushe. Na kai mata farfesun kifi, na zauna ina ba ta da cokali kamar yadda nake yi mata tana ƙarama. Ta sha kaɗan ta kama hannuna.

"Yaya, Hajiya ta ce in ba a sami mai riƙewa ba za a koma karɓar na kula har in warke. Na ce mata akwai ki, an riga an gwada lafiyarki. Ta ce tunda ba tare za mu yi aikin ba, babu laifi."

Na so in ja rai. Na ce ina da suna ranar Laraba. Amma da na tuna shinkafar nan mai yaji da waken da ya yi tsami, na ce, "Faɗa min abin da ake dafawa."

Ta faɗa min na kowace rana, da yawan gishirin da ake sawa, ta sa na yi alkawarin ba zan ƙara ko ƙwayar magi ba. Ni kuma na kafa sharaɗi ɗaya: kar a bari yarinyar ta san ina makarantar, don in ta gan ni za ta maƙale min ta ƙi zama a aji. Babanta zai kai ta, ni in shiga ta ƙofar baya.

Aikin ya fi yadda na zata wuya. Girkin biki ana yi ne a huta, wannan kuwa kullum ne, kuma agogo na tsaye a kanki. Hannuna ya yi ta kaiwa wajen attaruhu da kansa, 'yar Kudun tana dariya tana cewa da Hausarta mai daɗi, "Yaya, a'a fa, Anti za ta kashe mu." Mace ce mai kirki da zafin nama, kafin in juya ta wanke tukunya. Na bi tsarin Auta ban kauce ba. Abin da kawai na yi nawa shi ne na soya albasa da daddawa a manja kafin in zuba wake, na kuma bar faten ya turara a kan garwashi maimakon a sauke shi yana tafasa. Da aka kaɗa ƙararrawa na koma bayan buhunan gawayi na zauna. Kwanukan suka dawo a suɗe.

Da rana na riga yarinyar isa gida, na yi wanka na sauya kaya don kar ta ji ƙaurin hayaƙi. Babanta ya kawo ta. Ta shigo da gudu, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Umma! Yau faten Anti ya fi na kullum daɗi! Sau uku na ci!"

Na tsaya riƙe da tsintsiya. Abin da na shekara biyu ina jira in ji ke nan, ga shi na ji, kuma sunan wata ne a kai. Maigidana ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Na ce masa in ya kuskura ya yi dariya a fili, ranar sai dai ya ci a shago.

Haka aka yi ta yi har ƙarshen mako. Kullum ta dawo da labarin Anti, kunun Anti, alalen Anti. Har ta ce min, "Umma, ke ma ki je Anti ta koya miki."

Da Auta ta fara samun sauƙi na je na zauna a bakin gadonta na ba ta labari. Na ɗauka zan faɗe shi da wasa, amma wasan ya ƙi fitowa. Ta fara dariya, da ta ga fuskata ta daina.

"Yaya, dama abin da ke damunki ke nan duk watannin nan?"

"Ke kina da takarda. Kina da ofis, kina da farar riga. Ni abu ɗaya gare ni a duniyar nan, shi ma kin haɗa da shi. Har 'yar da na haifa."

Ta gyara kwanciya. Sannan ta ce, "Ni fa har yau ban iya tuwo ba. Su biyun nan ne ke dafawa, ni awo nake yi da tsari. Shekara nawa ina zaune a gidan nan, ke ana aiko miki daga ko'ina, ni in mutane sun zo sai su ce har yanzu ba a samu ba? Sau ɗaya ne Inna ta yabe ni a kan abinci."

Ban taɓa tunanin tana lissafa wannan ba. Na ji kunya kaɗan, amma ba zan ce abin ya fita daga raina a ranar ba. Na ce ta sha maganinta.

Da ta koma aiki ta kira yarinyar gefe ta faɗa mata cewa abincin makon jiya Ummanta ce ta dafa. Na hana ta, ba ta ji ba. Yarinyar ta dawo gida ta tsaya a gabana tana kallona kamar yau ta fara ganina.

"Umma, wai ke ce?"

"Ni ce."

Ta yi tunani. "To ki riƙa zuwa makaranta kina dafawa. Na gida ba daɗi."

Daga baya kwamitin iyaye ya roƙi a bar iyaye mata su riƙa taimakawa rana ɗaya a mako, ba a matsayin ma'aikata ba, aka amince. Na ɗauki Alhamis, ranar fate. Na yi hakan har yarinyar ta gama ajin raino ta shiga aji ɗaya, ban kuma daina ba bayan ta wuce. A gida cin abincinta ya gyaru sannu a hankali, ko da yake har yau in na zauna ina kallon ta sai ta ajiye cokali. Auta kuwa an ƙara mata wasu makarantu a Tarauni tana zagayawa tana duba madafunsu, sai a yi watanni ba a gan ta a tamu ba.

Duk da haka, duk Alhamis in na shigo da bokitin wake a ka, yaran sukan taso daga tabarma su yo kaina da gudu, har waɗanda aka kawo bana, da ba su fi ganin Auta sau biyu ba. Suna tsalle suna kama min zane suna ihu, "Ga Yayar Anti! Ga Yayar Anti ta zo!" Nakan ce su koma su zauna, in wuce rumfa in hura wuta.